Takun Yaya a Agogona

Sallama gare ku masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa, "Auta, Allah ya ba mu irin sa'arki." 'Yar uwa, karanta na yau tukuna, sannan ki ga ko za ki maimaita addu'ar. Yau ba yabon kaina na zo yi ba. Abin da na yi wa yayata zan faɗa, wadda muka sha nono ɗaya, kuma ba zan shafa wa maganar hoda ba, duk da shafa hoda ce sana'ata.

Ga wanda bai san mu ba, mu biyu ne wurin Umma. Ni ce ƙarama, shekarata ashirin da shida, ina aiki a wani shagon kwalliya, ni ce mai zana gira. Yaya ta ba ni shekara biyar. A maɗaba'a take aiki, ita ke duba kuskuren rubutu kafin a buga. Ni Umma na ɗauko, doguwa, siririya, ko me na ci ba ya zama. Yaya kuwa Abbanmu ta ɗauko, jikin da haƙurin duka. Goggo, ƙanwar Abba, ita ta laƙaba mata Randa tun tana 'yar shekara goma, sunan kuma ya bi ta har ta girma.

Ciwon suga ne ajalin Abba. Bara likita ya duba jinin Yaya ya ce ita ma tana bakin ƙofa, in ba ta rage jiki ba shiga za ta yi. Ranar ta dawo gida da wani littafin rubutu mai baƙin bango, ta zauna a bakin gado ta ja layuka da rula. Shafin hagu na jiki ne: kwanan wata, minti nawa ta yi tana tafiya, abin da ta ci, da nauyinta duk ranar Asabar, wanda take aunawa a kantin maganin bakin titi. Shafin dama na karatu ne: littafin da take kai, shafi nawa ta ci, da layi uku ko huɗu na abin da ya tsaya mata a rai. A bangon ciki ta rubuta burinta da manyan baƙi: kilo goma sha biyar, littafi ashirin da huɗu, kafin shekara ta zagayo.

Umma ta leƙa ta taɓe baki. "Da rubutu na rage ƙiba, da malaman makaranta duk sun zama tsinke."

Yaya ta yi murmushi ta ci gaba da jan layinta.

Damuwar Umma ba sugan Yaya ba ce. Damuwarta gandama-gandaman mata biyu a gida, ba ko mai sallama. Ta Yaya ta daɗe da cire rai, don haka duk wutar a kaina take. Kullum na dawo aiki sai ta ce, "Kina zana wa amare gira, ke yaushe za a zana miki?" In Goggo ta zo kuwa sai ta ɗora da cewa kyau ɗan kwana kaɗan ne, in yi hattara kada in yi kwantai kamar wata.

To, karatu ya sa idon Yaya ya fara yaji, sai na raka ta shagon tabarau. Shago ne mai sanyi, madubi ta ko'ina, gilasai jere a bango kamar idanun mutane. Wata ma'aikaciya ta shiga da ita ɗakin gwaji, ta bar mini jakarta da wani ƙaton littafin labari da take karantawa. Ni kuwa na ɗora wayata a kansa ina duba hotuna.

"Kin kai inda jirgin ya nutse?"

Na ɗaga kai. Dogo ne, farar riga mai gajeren hannu, guga kamar za ta yanka mutum, furfura biyu ko uku a gemu, ƙamshinsa marar hayaniya. Mai shagon ne. Ni ban ma san akwai jirgi a littafin ba.

Na ce, "Ban kai ba. Kada ka ɓata mini."

Ya yi dariya, ya jawo kujera. Ya ce shekararsa shida a shagon nan bai taɓa ganin mace ta shigo da littafi a hannu ba. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya. Kafin Yaya ta fito ya karɓi lambata. Da ta fito kallo ɗaya ya yi mata, ya zaro wani gilashi ya miƙa. "Gwada wannan, Malama. Zai ɗan rage faɗin fuska." Ta gwada ta yi godiya. Ni kuwa na saƙale littafin a hammata har muka hau mota.

Mai Tabarau, haka na ajiye sunansa a wayata. Kwana uku da haɗuwarmu ya turo mini wata manhaja, inda mutum ke shigar da shafukan da ya karanta da takun da ya yi, abokansa suna gani.

"Ni mutum ne mai son auna komai," ya rubuto. "Abin da ba a auna ba, ba ya gyaruwa. Shigo mu riƙa ganin na juna."

Sati na zagayowa ya aiko da agogo a ɗan ƙaramin kwali, madaurinsa ruwan hoda, irin mai ƙirga taku da bugun zuciya. Taku dubu goma a rana, in ji shi. Ranar farko na ɗaura na tafi aiki, na wuni tsaye a kan fuskar mutane, na dawo da dubu ɗaya da ɗari tara.

"Yau hutu aka yi ke nan?" Ya haɗa da fuskar nan mai ɗaga gira ɗaya.

Na kalli saƙon, na kalli takalmin tafiyar Yaya da ke bayan ƙofa duk ƙura. Kun dai gane.

"Yaya, ungo wannan. Ki riƙa ɗaurawa in za ki fita, zai nuna miki takunki."

Ta juya shi a hannu kamar ƙwai. "Auta, ni?"

"Aro dai. Da yamma ki riƙa ba ni in sa a caji kusa da wayata."

Da ƙyar madaurin ya kama a ramin ƙarshe. Idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce tun rasuwar Abba ba wanda ya kula da lamarinta sai ni. Na ce haba, mene ne a ciki. Wallahi ko gezau ban ji ba.

Kullum bayan sallar asuba take fita, ta zagaya filin ƙwallon da ke bayan makarantar unguwarmu, ta dawo ta yi wanka ta tafi aiki a ƙasa. Dubu goma sha ɗaya, dubu goma sha biyu, duk suna zuba a shafina ina barci. Karatun ma bai ba ni wuya ba. In ta shiga wanka sai in zaro littafin daga ƙarƙashin filonta, in ɗauki hoton shafin dama, in kwafe a hanyar aiki. Akwai ranar da ta rubuta a kan wani labari: "Shafi 112 zuwa 140. Matar nan ba mijin take jira ba. Ranar da za a daina tambayarta shi take jira." Na tura masa harafi da harafi.

Minti biyu ya amso. "Sau biyu na karanta littafin nan ban ga wannan ba. Ke wace irin mace ce?"

Na tura masa hotona da sabon jan baki.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Umma ta san zancen agogon, don ta kama ni ina kwance ƙarfe takwas shi kuma yana yaba mini sammako. Da na gaya mata dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "Ai gara ƙafar ta yi wa wani rana."

Haka muka ci wata biyar. Yaya ta zubar da kilo tara, ta gama littafi goma sha ɗaya. Ta kai rigunanta uku wurin tela aka rage. Wuya ya fito mata, sai ga shi ashe kuncinta na hagu yana loɓawa in ta yi murmushi, abin da ni ba ni da shi. Na lura, kuma ban ji daɗin lurar ba.

Wata Asabar na farka na tarar da saƙo biyu.

"Na bi taswirar agogon na zo filin da kike zagayawa, don in ba ki mamaki. Sai na tarar da yayarki da shi a hannu."

Na miƙe zaune. Na buɗe na biyun.

"Ta ce yau ba ki jin daɗi, ta karɓa ne don kada layinki ya yanke. Allah ya ƙara sauƙi. Yayar nan taki tana da kai."

Ina zaune a tsakiyar gado ta shigo, hijabinta jiƙe da gumi. Ta kwance agogon ta ajiye a gaban madubi, cikin kayan kwalliyata. Na shirya faɗa, na shirya rantsuwa, na ma shirya kuka. Ba ta ba ni damar ko ɗaya ba.

"Da kin gaya mini, Auta, da ma zan ɗaura miki." Ta ɗauki tawul. "Ki sa a caji, gobe ma akwai fita."

Ku da kuke karantawa, na san kuna cewa nan ne ya kamata in faɗi a ƙafarta. Ni ma yanzu haka nake gani. Amma a lokacin haushi ne ya turnuƙe ni. Da ta zage ni da mun yi kunnen doki. Wannan haƙurin nata ji na yi kamar ta tofa mini yawu.

Tana shiga wanka washegari na zaro littafin. A karon farko na karanta shafin hagu.

"Asabar. Minti saba'in. Yau na yi tafiya da mutum. Bai yi gaba ya bar ni ba, bai ce in ɗaga ƙafa ba. Ya tambaye ni me nake karantawa, ya saurara har na kai aya. Ashe haka ake ji. Ya faɗa mini maganata a kan matar nan mai jira, ya ce ta Auta ce. Na ce lallai Auta akwai hankali. Allah ka raba ni da son abin da ba nawa ba."

Minti saba'in. Ita da ba ta wuce arba'in da biyar. Na mayar da littafin na gyara filon, na je na zana wa amarya gira har sau uku ina gogewa.

Sati biyu bayan nan ya ce zai kawo yayarsa ta ga gida. Umma ta tayar da ƙura. Aka cire ledar da ke kan kujerun falo tun zamanin Abba, aka rataya labulen da ake ɓoyo a akwati, aka fito da kofunan gilashi masu bakin zinare. Goggo ta iso tun hantsi da jakarta da bakinta. Ni na sa doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, mayafi shara-shara, na yi awa ɗaya da rabi a gaban madubi. Yaya ta sa shuɗiyar rigarta da aka rage, da gilashinta, ba ko kwalli. Umma ta ce ita za ta riƙa shiga da fita da faranti.

Bayan la'asar suka zo. Yayarsa, wadda na kira Anti, shugabar wata makarantar mata ce, 'yar gajera mai kallon mutum ta saman gilashi. Aka gaisa, aka kawo lemo da kankana da biskit. Sai ta juyo gare ni.

"An ce ke ce mai karatun. Me kike kai yanzu?"

Na faɗi sunan littafin da na kwafa shekaranjiya.

"Madalla, na san shi. Ya kika ga abin da ɗan ya yi wa uban a ƙarshe?"

Na ce ai abin ba daɗi. Ta ce wane ɓangaren? Na ce duka. Ta kalle ni ta saman gilashi, ta kurɓi lemo.

Yaya na durƙushe tana zuba wa Goggo ruwa, sai ta ce a hankali, "Auta ba ta kai nan ba, Anti. Ni ce na riƙe mata littafin."

"Au, ke ma kina taɓawa? Zauna mana."

Ta zauna a gefen kujera da faranti a cinya. Wallahi minti goma sha biyar aka yi kamar ba na falon. Anti na tambaya, Yaya na amsawa, suna dariyar abin da ban san kansa ba. Ta tambaye ta aikinta, ta ce ai irinku muke nema su duba mana mujallar makaranta. Na saci kallon Mai Tabarau. Ya tallafe haɓa yana kallon Yaya, yana murmushi.

Anti ta ce da Umma, "Wannan fa, tana da aure?"

Goggo ta cafe. "Randa? Wa zai iya ɗauka?"

Anti ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "Mai rabo."

Kalmar nan ce ta tashe ni. Na shiga ɗaki, na ɗaga filo, na fito da littafin a bayana ina murmushi har kunne.

"Anti, ai ba ki san Yaya marubuciya ba ce. Bari ki ji."

Yaya ta ga baƙin bangon. Ta miƙe, farantin ya yi ƙara. "Auta."

Na buɗe can farko, na gyara murya irin ta masu karanta labarai. "Talata. Minti ashirin, ƙafata ta kumbura. Na ci burodi yanka huɗu a tsaye a kicin, sannan na shiga banɗaki na yi kuka."

Goggo ta tuntsire. "Yanka huɗu! Ashe ke ce ɓeran gidan!"

"Asabar. Kilo ɗari da huɗu. Mai kantin magani ya ce in sauka a hankali kada in karya masa sikeli. Mutum uku suka yi dariya. Ni ma na taya su."

Umma tana rufe baki da mayafi kafaɗarta na rawa. "Auta, ke dai ba ki da dama."

"Auta, don girman Allah," in ji Yaya. Muryarta ba ta fi ta sauro ba.

Na ji ta sarai. Na lashi yatsa na ci gaba da buɗa shafi har na iso inda nake nema. Na dafe ƙirji, na lanƙwasa murya kamar 'yar wasan kwaikwayo.

"Yau na yi tafiya da mutum. Bai yi gaba ya bar ni ba, bai ce in ɗaga ƙafa ba. Ya saurara har na kai aya. Ashe haka ake ji." Na tsallake layin da ya shafe ni, na dire a na ƙarshe. "Allah ka raba ni da son abin da ba nawa ba."

Na rufe littafin. "Ko wane ne mutumin, oho. Amma ranar wani ya ce mini ya je filin."

Goggo ce ta fara tafa hannu tana salati. "Randa! Manemin ƙanwarki? Ashe tafiyar asubar ta neman miji ce?"

Dariyar Umma ta ɗauke. Ta dubi Yaya kamar ta ga kashi a tsakar ɗaki. "Kin kyauta. A gaban baƙi. Ɗan abin da Allah ya kawo gidan nan shi ma sai kin sa masa ido."

Yaya ta bi kofunan da aka shanye ɗaya bayan ɗaya ta jera a faranti, har da na gabana. Ta ce wa Anti, "A sauka lafiya," ta fita ta ja labule.

Anti ta ɗauki jakarta. Ba ta dube ni ba, ƙaninta ta duba. "Tashi mu tafi."

Na bi su har waje da sauri, don a lokacin na fara gane na yi ɓarin da ba ya kwasuwa. Anti ta shiga mota ta ɗaga gilashi. Shi kuwa ya jingina da bangon gidanmu yana wasa da makulli, daidai ƙarƙashin tagar ɗakinmu.

Na ce, "Ka yi haƙuri, wasa ne ya..."

Sai ya fashe da dariya. "Na mai kantin maganin nan ya kusa kashe ni. Don dai Anti na wurin ne na danne."

Ya share ƙwallar dariya, ya ci gaba.

"Ke kuma kina ta wahalar ɓoye-ɓoye. Tun sati na uku na san ba ke ke ɗaura agogon ba. Yana nuna bugun zuciya fa. Zuciyar mai jikinki ba ta yin wannan haki a kan ɗan zagayen fili. Rubutun ma na san ba naki ba ne. Ke da kike rubuta mini saƙo ba aya ba waƙafi?"

Na ce, "To me ya sa ka je filin?"

"In ga mai rubutun mana. Na ce ko da rabo." Ya ɗaga kafaɗa. "Na je na gani. Na zagaya da ita don kada ta ji kunya, har ƙafata ta yi tsami saboda tafiyar hawainiya. Kai kam akwai shi, ba ƙarya. Amma ba da kai ake shiga taro ba. Hira ko a waya sai a yi da kowa. Ke nake so a gani a gefena."

Ya kamata in ji daɗi, ko ba haka ba? Na ci. Amma ina ɗaga ido na ga labulen tagarmu ya motsa. Tagar a buɗe take, kullum a buɗe take saboda zafi.

Ya buɗe mota, ya juyo. "Anti za ta yi ta faɗa, ƙyale ta, ba ita za ta zauna da ke ba. Sai dai daga gobe agogon ya koma hannun mai shi."

Tun ranar Yaya ba ta sake fita da asuba ba. Takalmin ya koma ƙarƙashin gado. Littafin a kan kujerar falo na bar shi, ta wuce shi ya fi sau ashirin ba ta ɗauka ba, har Goggo ta yagi shafi ɗaya ta rubuta lambar tela, Umma kuma ta mayar da shi mafici. Mota take hawa zuwa aiki yanzu. Ta dawo ta ci abin da ta samu ta kwanta ta juya wa ɗaki baya. Littafin labarin da take kai yana nan a kan taga da tsinken ashana a shafin da ta tsaya, rana ta fara cinye bangonsa. Ba ta gaba da ni. In na ce ina kwana ta ce lafiya lau. In na nemi abu ta miƙo mini. Da gaba take yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar da ya kamata ta koma asibiti gwajin jini na tuna mata. Ta ce, "Na sani." Ba ta je ba.

Manyan Mai Tabarau sun zo, an tsayar da biki nan da wata huɗu. Umma ta kira duk wanda ta taɓa sani a duniya. Ni kuwa kullum ina zagaya shagon kwalliya da agogo a hannu kamar mahaukaciya, ina hawa bene ina sauka lokacin cin abinci, da ƙyar nake haɗa dubu shida. Duk yamma saƙo ɗaya ne: "Saura dubu huɗu."

Jiya da safe aka kawo wani kwali daga shagonsa, an naɗe da takarda mai ƙyalli. Umma ta ce in buɗe a gabanta, ko sarƙa ce. Na ce bari in shiga ɗaki. Na yage takardar a kan gado. Sikeli ne, na gilashi, fari tas. Kafin in gama kallonsa waya ta yi ƙara.

"Ya iso? Duk Asabar da safe ki hau ki turo mini hoton lambar. Kin ce mini hamsin da takwas, mu riƙe shi a nan. Kada ki ji haushi, jini ɗaya kuke da yayarki, na kuma ga hoton mahaifinku a falo. Rigakafi ya fi magani."

Na karanta sau uku. Na ajiye sikelin a ƙasa na tsaya a kansa ina kallo kamar rijiya.

"Ba a kan darduma ake sa shi ba."

Yaya ce a bakin ƙofa, ta shirya za ta aiki, jaka a kafaɗa. Rigar da aka rage ta fara kama ta a hannu. Ta shigo ta ja sikelin da ƙafa zuwa kan siminti.

"Cire takalmin. Kin karya?"

Na girgiza kai.

"To yanzu ne daidai. Hau, ki tsaya cak, kada ki kalli ƙasa sai ya daina ƙyaftawa."

"Yaya," na ce, "ki yafe..."

"Hau, Auta. Yana jira."

Na hau. Gilashin sanyi ƙalau a tafin ƙafata. Na ƙirga biyar na duba. Sittin da uku da ɗigo huɗu.

Waya ta sake ƙara a kan gado. "Ina jira."

Na dubi yayata, hawaye na wanke hodar da na shafa. "Ya zan yi? Hamsin da takwas na ce masa. Yaya, ya zan yi?"

Ta leƙa lambar ta cikin gilashin da ya zaɓa mata, ta daɗe tana kallo. Sannan ta gyara jakarta.

"Tura masa," ta ce. "Wannan kam ba zan iya hau miki ba."

Ta fita ta ja ƙofar a hankali. Ina tsaye a kan sikelin wayar ta fara ringi, sunansa na yawo a fuskarta.